Ranar da na shiga cikin fim ɗin Indiya, ciki na ya ce bai yarda ba

Duk wanda ya san ni a unguwar mu ya san ni da abu biyu: son finafinan Indiya da cika baki. Tun ina firamare na ke satar hanya in tafi sinimar Marhaba, da kaset ya yawaita kuma sai na koma zaman shagon haya, har ta kai idan gardama ta kaure a majalisa kan shekarar da aka yi fim kaza ko wanda ya ba da umarni, ni ake aikowa a kira. Ashe akwai ranar da fim ɗin Indiya zai kunyata ni a gaban yaro ɗan shekara 10, kuma a ƙasar mutane.

A cikin 2018 ne yaya na, wanda ke sarin kaya daga Dubai, ya ce in raka shi in taya shi lissafi da ɗaurin kaya. Ya taho da babban ɗan sa saboda ana hutun makaranta. Kwana huɗu mu na zarya a kasuwannin Deira, ran na biyar na ce wa Yaya ni fa ba zan koma Kano ba sai na ga Bollywood Parks. Wannan wani katafaren wurin shaƙatawa ne da aka buɗe a ƙarshen 2016 a yankin Jebel Ali, kan hanyar Abu Dhabi, aka gina shi kacokan a kan finafinan Indiya. Akwai wasan Sholay, inda za a ba ka bindigar wasa ka yi farautar Gabbar Singh. Akwai na Lagaan, da na Ra.One, da na Krrish, da na Don. Ku da ku ka san ni, ku faɗa mani ta yaya zan ji wannan in yi barci?

Yawancin wasannin nan ba irin lilon da mu ka sani ba ne na ranar Sallah. Turawa na kiran su simileta, wato na'urar kwaikwayon tafiya. Za a zaunar da ku a wata mota ko jerin kujeru a cikin ɗaki mai duhu, a saki fim a ƙaton allo, kujerar kuma ta riƙa karkata da girgiza daidai da abin da ke faruwa a fim ɗin. Dabarar ta samo asali ne daga injinan da ake koya wa matuƙa jirgin sama tuƙi, kuma wasan Star Tours da aka buɗe a Disneyland ta Amurka a 1987, wanda aka gina kan finafinan Star Wars, da irin waɗannan injina aka yi shi. Wayon abin shi ne, idan ana so ka ji kamar mota ta zabura da gudu, sai a kwantar da kujerar baya kaɗan, nauyin jikin ka ya danne ka a jikin ta, alhali allon na nuna maka titi miƙe ɗoɗar. Kai ka na jin ka yi tafiyar kilomita da yawa, nan kuwa ba ka bar ɗakin ba.

Duk wannan daga baya na sani. A ranar dai abin da na sani shi ne na cika ciki na da biriyani mai maiƙo, na kora da lemo mai sanyi, na ja hannun yaron mu ka nufi layin Don. A bakin ƙofa akwai allon gargaɗi da aka rubuta cewa masu ciki da masu ciwon baya da masu tashin zuciya a mota da masu tsoron ƙuntataccen wuri su yi hattara. Na karanta shi sarai. Yaya ma ya ce, “Kai da ko Zariya ba ka zuwa sai da leda a hannu, anya kuwa?” Na ce, “Haba Yaya, wannan ai kallo ne, ba tafiya ba ce.” Ya yi murmushi ya nemi benci ya zauna.

Matsala ta farko ta same ni ne tun kafin a saki fim. Aka sauko da ƙarfen kariya ya danne mani cinya, aka rufe ƙofa, fitilu su ka mutu. Nan take na ji kamar an ɗora mani dutse a ƙirji. Iska na nan, na'urar sanyaya ɗaki na aiki, amma ni ji na ke kamar ba ta isa ta. Abu ɗaya kawai ke yawo a kai na: in na ce a buɗe yanzu, wa zai ji ni? Tafin hannu na ya jiƙe sharkaf. Na tuna wata rana da wuta ta ɗauke ina cikin lif, na ce inna lillahi, ga shi na kawo kai na da ƙafa ta, har da biyan kuɗi.

Sai fim ya fara, matsala ta biyu ta iso. Ga mu a titunan Dubai ana bin Don a guje, mota na shan kwana, gine-gine na wucewa ta dama da hagu. Minti ɗaya da farawa na ji yawu ya cika mani baki, gumi mai sanyi ya keto a goshi, duniya ta fara juyawa. Na runtse ido, jirin ya ɗan lafa, amma sai duhun ya ƙara matse ni, ƙirji ya ci gaba da dukan uku-uku. Na buɗe ido don in samu sauƙin ƙuncin, biriyani ta taso. Haka na yi ta yi, buɗe rufe, buɗe rufe, kamar mai ciwon ido. Yaron kuwa sai ihu ya ke, “Baffa ka gani! Baffa ga shi can!” Ni da na haddace Don na Amitabh Bachchan na 1978 da na Shah Rukh Khan na 2006, wallahi ko fuskar jarumin ban iya cewa na gani ba.

Allah ya rufa asiri ban yi a ciki ba. Ana buɗe ƙofa na yi waje da gudu, kuma ba sai na faɗa maku abin da ya faru a banɗaki ba. Da na fito na tarar da Yaya ya na dariya har da riƙe ciki. Wannan bai dame ni ba, ya saba. Abin da ya tsaya mani a rai shi ne yaron. Ya zo ya kama hannu na ya ce, “Baffa, in tsoro ka ke ji mu tafi gida kawai, na fasa ganin Krrish ɗin.” Yaron da tun a jirgi ya ke yi mani zancen Krrish! Ni ne na fara nuna masa fim ɗin a waya ta, na koya masa sunan Hrithik Roshan. Yanzu ga shi zai haƙura saboda tausayi na.

Na ce a ba ni awa ɗaya. Mu ka samu inuwa, na wanke fuska, na yi ta kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan. Ina nan zaune ne na lura da wani abu da ya zame mani mabuɗi: ciwo biyu ne su ka haɗu mani, kuma maganin ɗaya ya na tayar da ɗayan.

Shi jiri da tashin zuciya ba ruwan sa da tsoro ko jarumta. A can cikin kunnen mutum akwai wasu 'yan bututu uku masu lanƙwasa da ruwa a ciki, da wasu 'yan jakunkuna biyu, su ne ke gaya wa ƙwaƙwalwa ko ka na tsaye, ko ka karkata, ko ka na juyawa. A cikin simileta ido na cewa mu na sheƙa gudu mun faɗo daga saman bene, kunne na cewa ƙarya ne, 'yar girgiza ce kawai. Idan shaidu biyu su ka saɓa haka sai ƙwaƙwalwa ta rikice. Wani masani mai suna Michel Treisman ya kawo hasashe a 1977 cewa jiki na ɗaukar irin wannan ruɗani a matsayin alamar an ci guba, shi ya sa ya ke gaggawar fitar da abin da ke ciki. Kun ga ashe ciki na ƙoƙarin ceto na ya ke yi, ni ne ban gode ba. Kuma shi ne dalilin da ya sa mai karatu a bayan mota ke yin amai, direba kuwa da wuya, domin shi ya san kwanar kafin a sha ta.

Shi kuwa tsoron ƙuntataccen wuri a zuciya ya ke. Abin da ke ciyar da shi biyu ne: jin cewa iska za ta ƙare, da jin cewa ba ka da ikon fita. Mai wannan matsala idan ka ce masa ya rufe ido ka ƙara masa duhu a kan duhu. Kada kuma wani ya ce ƙauyanci ne na Bahaushe. A Epcot da ke Florida akwai wasan Mission: SPACE da aka buɗe a 2003, inda ake rufe mutum huɗu a ɗan akwati a juya su har nauyin jikin su ya ninka sau biyu da rabi. Sai da aka ajiye jakunkunan amai a ciki, kuma a 2006 aka fito da nau'i na biyu wanda ba a juyawa, saboda masu irin ciki na.

Da awa ta cika na tashi, amma wannan karon na ajiye girman kai a kan bencin. Na je wurin ma'aikaciyar da ke bakin ƙofar Krrish na tambaye ta da ɗan Turancin da na iya: minti nawa ne, ana rufe mutum a akwati, ina ne kujerar da ba ta cika motsi ba? Ta yi mani bayani da fara'a, da alama ba ni ne na farko ba. Shi wannan wasan ɗaga ku ake yi a jerin kujeru, ƙafafu na reto, a gaban wani ƙaton allo mai kama da ƙwarya, iska na kaɗa ka. Babu rufi a kan ka, babu bango a gefen ka. Rabin matsala ta ta kau ke nan. Kuma da na ji 'yan mintocin da za a yi, sai na lissafa a rai na cewa bai wuce tsawon waƙa ɗaya ta fim ɗin Indiya ba. Ni da na ke zama awa uku ina kallo, zan kasa jure waƙa ɗaya?

Na nemi kujerar tsakiya, domin a nan hoton ya ke daidai, ba ya lanƙwashewa kamar a gefe. Na manna ƙeya ta a jikin kujera na daina waige-waige, tunda juya kai a lokacin da ake motsa ka ya na ƙara rikita ruwan kunnen nan. Da hoto ya yi saurin da ya fi ƙarfi na, maimakon in runtse ido sai in sauke shi a kan hannu na da ke riƙe da ƙarfe, abin da na san ba ya motsi, in ya lafa in ɗago. Numfashi kuwa ta hanci, in ja a hankali in ƙirga huɗu, in saki in ƙirga shida. Daga baya na bar ƙirgen na koma salati, shi ma tsawon sa ya yi daidai.

Ba zan yi maku ƙarya in ce garau na ji ba. Sau biyu zuciya ta ta ɗan taso. Amma jama'a, na ga abin da na zo gani. Mu ka tashi sama da ƙasar Indiya, wuraren da na shekara ashirin ina gani a akwatin talbijin ga su a ƙarƙashin ƙafa ta, Krrish na gaba da baƙar rigar sa. Yaron ya damƙe hannu na ya na ihu, ni ma ban san lokacin da na fara taya shi ba.

Bayan na dawo gida na yi hira da wani mai kemis da na sani, ya ce ai akwai ƙwayoyin da matafiya ke sha, irin su Stugeron da Dramamine, amma kafin a hau ake shan su, wani awa biyu kafin, wani rabin awa zuwa awa ɗaya. In jiri ya riga ya kama ka, ka makara. Su na kuma sa barci, don haka ba na mai tuƙi ba ne, kuma mai ciki ko mai shan wani magani sai ya tambayi likita tukuna. Wasu citta ke yi masu aiki, wasu ba ta yi. Ni dai yanzu ko Kaduna zan je akwai alewar citta a aljihu na, kuma ban ƙara cin abu mai maiƙo kafin in hau wani abu mai motsi ba. Ciki wayam ma ba shi da kyau, ɗan biskit ko burodi ya isa.

Abin da ya rage mani shi ne Don. Na yi wa yaron alkawarin za mu koma in rama, in zauna ido buɗe daga farko har ƙarshe. Annobar korona ta zo a 2020 ta hana tafiye-tafiye, bayan ta kuma tsadar dala ta sa Yaya ya rage zuwa. A watan Afrilun 2023 aka rufe Bollywood Parks baki ɗaya, a 2024 aka buɗe wurin shaƙatawa na ƙungiyar Real Madrid a filin. Yaron ya zama saurayi yanzu, ya fi ni tsawo. Har yau in gardamar fim ta tashi a gida ya ga ina neman kayar da shi, sai ya dube ni ya ce, “To Baffa, a ƙarshen wasan nan na Dubai, an kama Don ko ba a kama shi ba?”