Daga Unguwar Boro Zuwa Tsibirin Gore

Kafin wannan tafiya, ruwa mafi girma da na taɓa gani shi ne Kogin Kaduna, shi ma ta tagar bas, idan mun taso daga Unguwar Boro za mu haye gada zuwa cikin gari. Saboda haka da abokina ya tsayar da ni a bakin tekun Atlantika a Dakar, babban birnin Senegal, sai na yi shiru kamar an ɗaure mini baki.

Tare muka fara ƙaramar sakandare da shi kafin aiki ya mayar da mahaifinsa can. A dogon hutun bana suka gayyace ni. Ɗan Najeriya ba ya bukatar biza, tunda ƙasashen biyu duk suna cikin ECOWAS. Fasfo da katin allurar shawara kawai na riƙe. A gidansu na ci shinkafa da kifi irin ta Wolof, na kuma sha abin da suke kira bisap, wanda da na kurɓa na ga ashe zoɓo ne.

A rana ta uku muka shiga jirgin ruwa zuwa tsibirin Gore, tafiyar kamar minti 20. Tsibirin ƙarami ne, tsawonsa bai kai kilomita 1 ba, kuma babu mota ko ɗaya. Gidaje ja da ruwan ɗorawa, lunguna matsattsu, furanni sun leƙo ta katanga, ga bishiyoyin kuka a hanyar hawa tudu. Na tambayi abokina ko suna miya da ganyen, ya ce ni dai ciki ne a gabana.

Gaskiya hoto ya kai ni. Na sa sabuwar riga, ina so 'yan ajinmu su ga na fita waje. Da wannan niyya na shiga Gidan Bayi, wanda aka gina wajen 1776. Sama ɗakuna ne masu iska inda masu gidan ke zama. Ƙasa kuwa kurkuku ne: na maza daban, na mata daban, na yara daban. Akwai wani ƙuƙumi a ƙarƙashin matakala na masu taurin kai, wanda babba ba ya iya miƙewa a ciki. Na sunkuya na shiga. Ban yi minti ɗaya ba na fito da gumi.

A ƙarshen wani siririn lungu akwai ƙofa mai kallon teku, wadda ake kira Ƙofar Ba Dawowa. Na miƙa wa abokina waya, na gyara tsayuwa, na fara murmushi. Bai ɗaga wayar ba.

"Mutumina," ya ce, "dariyar me kake yi?"

Kunya ta kama ni. Na karɓi wayata na sa a aljihu.

Masana tarihi ba su yi ittifaƙi kan yawan bayin da suka bi ta wannan gida ba. Da yawa suna cewa wasu tashoshin sun fi Gore fitar da mutane nesa ba kusa ba. Duk da haka UNESCO ta sa tsibirin cikin wuraren tarihi na duniya a 1978, Nelson Mandela ya ziyarce shi a 1991, Barack Obama a 2013. Kada kuma ku ɗauka labarin wasu ne. Hausawan da aka kama a yaƙe-yaƙe an fitar da su ta gaɓar Legas da Wida zuwa Bahiya a Brazil, inda a 1807 hukuma ta bankaɗo shirinsu na tawaye.

Muna fitowa abokina ya nuna mini makarantar kwana ta 'yan mata mai sunan marubuciya Mariama Ba, wadda ke ɗaukar waɗanda suka fi kowa cin jarrabawa a ƙasar. A wannan tsibiri kuma makarantar horar da malamai ta William Ponty ta zauna, inda Bubu Hama na Nijar ya yi karatu.

A jirgin komawa na duba wayata. Hoto biyu kawai na ɗauka: kuka, da abokina yana cinikin gyaɗa da Faransancinsa mai ƙamshin Kaduna.