Safiya a Gindin Dutsen Meru

Da sassafe hazo ke lulluɓe Dutsen Meru, mai tsayin mita 4,566, a gandun dajin Arusha na ƙasar Tanzaniya. Da rana ta ɗaga sai raƙuman dawa su ɓullo cikin ƙayoyi, ɓauna na kiwo ƙasa-ƙasa. A tafkunan Momela masu ruwan kanwa, tsuntsayen filamingo sun yi wa gaɓa jan kwalli. Birai masu baƙin jiki da farar jela suna tsalle a rassa. Can gabas Kilimanjaro na leƙowa ta cikin gajimare.

Na tsaya shiru ina tasbihi. A gari kullum ina hanzari, ban cika duban halitta ba. Dabbar daji sai mai haƙuri take yarda ya gan ta.