A Duba Kafin A Saki

A cikin watan Satumba na 2022, lokacin da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta ƙasar Kamaru, kogin Binuwai ya yi ambaliya, na tafi Damare, unguwarmu da ke kusa da Jimeta, don in gane wa idona. Na iske masara da shinkafa sun nutse. Da na komo na rubuta labari, na sa masa kai kamar haka: "Ambaliya: Mutanen Damare sun rasa gonaki." A kwamfutata komai ya zauna daidai, sai na danna na saki.

Ba a yi rabin sa'a ba sai ga wayar gwaggona daga Kano, tana salati tana kuka. Ashe a ƙaramar wayarta layin bai ɗauke kan labarin duka ba, na'ura ta datse shi, abin da ya fito shi ne "Mutanen Damare sun ras…" Ita kuwa ta cike sauran da kanta, ta ce sun rasu. Na gyara nan da nan, amma magana zarar bunu ce. Har dare ina ba 'yan'uwa haƙuri.

Magabatanmu a wannan sana'a ba su san irin wannan garaje ba. A gidan Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, Malam Abubakar Imam yana editanta, sai an buga gwajin shafi a takarda, an bi shi layi-layi, kana a ba inji. Mu kuwa manhajar da muke zuba labarai a cikinta tana da maɓallin dubawa, irin na WordPress, amma fuska guda yake nunawa, watau ta babban allo, alhali galibin masu karatunmu da waya suke karatu.

Saboda haka da aka tashi sake fasalin manhajar, aka nemi shawararmu, na roƙi abu huɗu. Na farko, a nuna mini labari yadda zai fito a ƙaramar waya. Na biyu, a nuna inda za a datse kansa idan an tura shi ta WhatsApp ko Facebook. Na uku, in ga ko ƙ da ɗ da ɓ sun fito da lanƙwasarsu, don kada baƙi su koma baki. Na huɗu, edita ya iya ganin gwajin ba tare da jama'a sun gani ba.

Wani abokin aikina ya ce wannan zai ci mana lokaci, wasu su riga mu. Gaskiyarsa, yana cin minti biyu ko uku. Amma ni da na ji kukan gwaggona, na san sauri ya kan haifi nawa. Allah Ya sa mu riƙa dubawa kafin mu saki, amin.