Yadda "ƙasa" ke komawa "Æ™asa"

A watan Oktoban 2023 kamfanin Oracle ya daina fitar da gyare-gyare ga MySQL 5.7, manhajar da ɗimbin shafukan intanet ke adana bayanansu a cikinta. Wannan ya tilasta wa masu kula da sabar a ma'aikatu da kafafen labarai ƙaura zuwa MySQL 8.0, wadda ta fito a 2018. Kurakuran da ke biyo bayan irin wannan ƙaura iri biyu ne: masu ihu da masu shiru.

Masu ihu sun fi sauƙin magani. Sabuwar sabar ta sauya hanyar tantance kalmar sirri, don haka tsohuwar manhaja kan kasa shiga rumbun bayanai gaba ɗaya. Shafi ya tsaya, waya ta yi ta ƙara, injiniya ya buɗe kundin kurakurai ya tarar da dalilin a rubuce. Sabunta mahaɗin da ke tsakanin manhajar da rumbun kan wadatar.

Mai shirun ya fi shafar duk wanda ke ajiye rubutun Hausa. Tsohuwar MySQL, idan ba a umarce ta da wani abu ba, tana adana rubutu ne da tsarin latin1, wanda aka tanada domin harsunan Yammacin Turai, kuma babu ƙ, ɗ ko ɓ a cikinsa. Duk da haka shafuka da yawa sun shekara suna aiki lafiya, saboda manhajar kan aika ƙ a matsayin bayit biyu, rumbun ya karɓa yana zaton haruffa biyu ne, ya kuma mayar mata da su yadda ya karɓa. Kuskure biyu ne suka rufa wa juna asiri.

MySQL 8.0 ta koma tsarin utf8mb4. Da zarar manhajar ta fara magana da rumbun da sabon tsarin, sai ya shiga fassara kowane bayit shi kaɗai, "ƙasa" ta fito "Æ™asa", "ɗalibi" ya zama "É—alibi". Babu saƙon gargaɗi ko ɗaya. Sai dai ma'aikaci ya nemi Ɗanladi a jerin masu karɓar albashi a ce babu shi, ko takardar shaidar ɗaliba ta fito da suna a gurɓace.

A nan gaggawa ke yin ɓarna. Wanda ya umarci rumbun ya juya tsofaffin bayanan kai tsaye zuwa utf8mb4 ya tabbatar da gurɓatar ke nan. Hanyar da ta dace ita ce a fara mayar da rubutun zallar bayit, sannan a sanar da rumbun cewa utf8mb4 ne tun asali. Kuma kowace ranar jinkiri tana cakuɗa sabon rubutu da tsoho, har rarrabewa ta zama aikin hannu.

Hausawa na cewa tun ran gini, ran zane. Ba a komawa 5.7 daga 8.0 sai da kwafin ajiyar da aka ɗauka kafin ƙaura, saboda haka a tanade shi, a kuma gwada ƙaurar a wata sabar dabam. Gwajin ma ba ya cin minti guda: a nemi Ɓaidu, a nemi Ɗanjuma, a nemi Ƙaraye, a ga ko sun fito da ƙugiyarsu.