Turaren Kirki Ba Ya Riga Mai Shi Sallama

'Yan'uwana mata, bari in ba ku labarin kunyar da na sha. Ran da na fara koyarwa, bayan na fito daga kwalejin horon malamai, na bulbule jikina da wani turare mai ƙarfi, wai don a san malama ta iso. Ban gama kiran suna ba sai wata yarinya mai ciwon fuka ta kama tari, har aka fita da ita waje.

Da na koma gida na faɗa wa Gwaggo, sai ta miƙo mini 'yar kwalbar turaren yasmin, ta ce, "Turaren kirki ba ya riga mai shi sallama."

Shi yasmin ɗan farin fure ne, da dare ƙamshinsa ya fi tashi. Shi ya sa a Masar da Faransa ake tsinkarsa tun da asuba. In ba a cika shi ba, ƙamshinsa da sanyi, kamar na furen lalle in iskar yamma ta kaɗo shi. Ɗigo ɗaya a wuyan hannu, ɗaya bayan kunne, ya ishe ki. Sai wadda ta zauna kusa da ke za ta ji.

Yarinyar nan kuwa, yanzu a bencin gaba take zama, lafiya lau.