Na Ji Bango Yana Magana!

Jama'a, ku tsaya in ba ku labari tun zuciyata ba ta huce ba. A falon yayana, nan Kano, ina zaune a kan kafet muna kallon fim, sai ga jirgi mai saukar ungulu ya taso ta bayana daga hagu, ya bi ta saman kaina, ya wuce gaba ya shige cikin hoton. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi! Na waiwaya ina neman sifikar da ta yi wannan aiki. Babu. Na duba kusurwa, na leƙa bayan kujera, na duba ƙarƙashin talabijin. Ko zaren waya ɗaya babu a ƙasa. Bango ne kawai, fari tas, sai wani ɗan akwati a lungu mai kama da teburin ajiye kofi. Yaron da ya yi aikin ya kama hannuna ya ɗora a kan wani wuri kusa da labule. Sai na ji wata raga mai ƙananan huji, an yi mata fenti iri ɗaya da bangon, tana motsi a ƙarƙashin yatsuna.

A cikin bangon sifikokin suke! Biyar a bango, biyu a silin. Mu da muka taso muna ganin manyan akwatuna a ƙofar shagon mai kaset da filin biki, muna auna ƙarfin sauti da girman akwati, wannan sabon karatu ne. Mai gani zai ce kwalliya ce, an ɓoye kayan ne don kada waya ta ɓata wa uwargida falo. To, kwalliyar ita ce ƙaramar riba. Babbar ita ce bangon kansa ya shiga cikin aikin fitar da sauti, kuma da idona na ga yadda hakan ke faruwa.

A ranar na liƙe wa yaron nan, wanda kowa ke kira Injiniya, har ya yarda in bi shi wani gida da ake kan ginawa. Muna shiga, ga yashi ga buhunan siminti, ya buɗe kwali ya miƙo mini sifika tsirara, ba akwati: faifanta inci 6 da rabi, ga wani ɗan baki na inci 1 a samansa mai fitar da siririn sauti.

"Malam, riƙe wannan ka saurara," in ji shi.

Ya jona waya ya kunna kiɗa. Sauti ya fito siriri, ba kauri, ba nauyi. Ya karɓe ta ya zura a ramin da ya yanka a jikin wani faffaɗan allo. Kai! Nan take kiɗan ya cika, dukan gangar ya dawo da nauyinsa, har birkilan da ke yaɓe a ɗaya ɗakin ya leƙo da cokalinsa a hannu. Sifika ɗaya, waƙa ɗaya, ba a taɓa rimot ba!

Ga abin da ke faruwa. Faifan sifika gaba da baya yake yi. Lokacin da ya tura iska gaba, a daidai lokacin yake zuƙo ta ta baya. In babu abin da ya shiga tsakani, iskar gaba sai ta zagayo ta cike gurbin da aka bari a baya, su kashe juna, kuma sauti mai kauri shi ya fi shan wannan asara. Aikin akwati ke nan tun asali: raba gaba da baya. Kamar fatar ganga ce, in ka kwance ta daga jikin itacen, duk dukan da za ka yi mata ba za ta yi amo ba. To wane akwati ne ya kai bangon ɗaki faɗi?

Akwai kuma riba ta biyu. Akwatin da aka girke a gaban bango yana watsa sauti mai kauri ta ko'ina, har ta baya. Wannan sautin ya daki bango ya dawo a makare, ya haɗu da wanda ke fitowa, ya cinye wani sashe nasa. Sifikar da fuskarta ke daidai da fuskar bango ba ta da wannan matsala, don babu wani bango a bayanta da zai mayar da martani. Shi ya sa a gidajen silima masu bin tsarin THX, wanda kamfanin Lucasfilm ya fito da shi a 1983, ake gina bango na musamman a bayan farin allon majigi, a dasa sifikoki a cikinsa. Allon kuwa cike yake da ƙananan huji don murya ta ratso. Ashe duk muryar da muke ji tana fitowa daga bakin jarumi a silima, ta cikin hoton take fitowa da gaske!

Sai dai a nan ne aikin ya zama namu, don ba don irin gininmu aka ƙera waɗannan sifikoki ba. Kamfanin Sonance na jihar Kalifoniya yana cikin waɗanda suka fara kawo su kasuwa a farkon shekarun 1980, kuma bangon Amurka aka auna. Can katakai ake jerawa a tsaye, inci 16 tsakanin wannan da wancan, a rufe da allon jibsam mai kaurin rabin inci, a bar kogo mai zurfin inci 3 da rabi. Mutum ya ɗauki ɗan zarto ya yanka rami, an gama. Mu kuwa bulo ne, mai inci 9 ko mai inci 6, ga siminti ga filasta.

Injiniya ya nuna mini hanya biyu. Ta farko, in gini bai ƙare ba, kafinta ya haɗa akwatin katako mai kauri daidai girman da kamfanin ya rubuta, birkila ya bar masa gurbi yana jera bulo, a dasa shi a toshe gefensa ruf. Ta biyu, in an riga an yi filasta, a tayar da siririn bango na biyu a gaban na asali: firam na katako ko na ƙarfe, kimanin santimita 10 daga bulo, a rufe da jibsam, a cusa irin audugar da ake sa wa rufi don tare zafi. Ita ce ke hana kogon ƙugi, ta kuma rage sautin da zai tsallaka ɗakin baya. A gidan nan ɗakin mahaifiyar mai gida ne ke bayan falon, shi ya sa aka zaɓi wannan hanyar.

Mai gidan ya nuna wani wuri kusa da taga ya ce a fasa nan. Injiniya ya girgiza kai: "Alhaji, a yi haƙuri, nan ginshiƙi ne, akwai rodi a ciki. Ko nawa za a ba ni ba na taɓa ginshiƙi ko linta." Katakon ma sai da aka shafe shi da maganin gara kafin a rufe.

Daga nan sai awo, kuma a nan na ƙara buɗe baki. Ya kafa ƙusa a daidai wurin da mai kallo zai zauna, ya ɗaura zare, ya riƙa ja zuwa bango yana yin alama da alli. Ba da ka yake yi ba. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, mai hedikwata a Geneva, tana da ƙa'idar da ta shimfiɗa don tsarin da ake kira 5.1: sifikar tsakiya tana fuskantar mai kallo kai tsaye, ta hagu da ta dama kowacce digiri 30 daga tsakiya, biyun da ke kewaye kuma tsakanin digiri 100 zuwa 120, wato a gefe, an ɗan ja baya. Ta tsakiyar ita ke ɗauke da yawancin maganar da ake yi a fim, don haka ita ce ba a yi wa rowa.

Sai ya yi wata tambayar da babu takardar kamfanin da za ta yi: "Alhaji, a gidan nan a kujera ake zama ko a ƙasa?"

Alhaji ya yi dariya. "Baƙi a kujera. Ni da yara a kafet, da tumtum."

Injiniya ya goge alamar da ya yi a kusan mita 1 daga ƙasa, tsayin kunnen mai zaune a kujera, ya ɗan sauko da ita. Siririn sauti miƙe yake tafiya, in ya wuce ta saman kunne an yi asararsa. Wannan shi ne sanin aiki: ƙa'ida daga Geneva, awo daga kafet ɗin Alhaji.

Waya fa? Kowace sifika da bututun robarta, daga gurbinta har inda amfilifaya za ta zauna. Ba a haɗa ta bututu ɗaya da wayar wuta mai ƙarfin bolt 230, in kuma dole sai sun haɗu, su gitta juna kawai, kada su jera. Mai lamba 16 ta isa gajeren zango, in tafiya ta yi nisa sai mai lamba 14, don a wannan lissafin ƙaramar lamba ita ce mai kauri. Ya ɗauki reza ya kankare bakin wata waya da aka sayo, sai ga fari ya bayyana a ƙarƙashin ja. Alminiyam ne aka yi wa rufin jan ƙarfe! Ya ajiye ta gefe ya ce wadda za a binne a bango shekara da shekaru, jan ƙarfe zalla ake nema. Ya liƙa wa bakin kowace waya ɗan tef ya rubuta inda ta nufa.

Sannan ya zaro batirin rimot daga aljihu, mai bolt 1.5, ya taɓa bakin wayar da shi, ni kuma ya ce in zuba wa faifan ido. Ƙyas! Faifan ya turo waje. In da ciki ya shige, to an juya wayar, kuma sifika ɗaya da aka juya ta isa ta riƙa ja lokacin da 'yan'uwanta ke turawa, kauri ya zube, murya ta rasa mazauni. Da batir guda ake kama wannan kafin a ɗaure komai!

Ɗaurewar kanta abin kallo ce. A cikin kwalin akwai takarda mai siffar ramin. A manna ta, a zana, a yanka. A zura sifika, a fara juya sukurori ta gaba, sai wasu 'yan ƙafafun roba da ke bayanta su juyo da kansu su damƙi allon ta ciki. Ba a matsewa da ƙarfi, kada allon ya tsage. Raga kuma maganaɗisu ke riƙe ta, ana cire ta a kaɗe ƙurar hunturu a mayar.

Akwatin nan guda da na gani a lungun falon Yaya shi ne wufa, mai ɗaukar sautin da ya yi ƙasa da Hz 80. A nan tsawon igiyar sauti ɗaya ya haura mita 4, kunne ba ya iya nuna inda ta fito, shi ya sa ba a damu ya kasance a gaba ba. Amma ɗaki yana da wuraren da kauri ke taruwa da wuraren da yake ɓacewa. Dabarar Injiniya: ya ɗora wufan a mazaunin mai kallo, ya kunna, ya bi gefen bango da rarrafe yana saurare. Inda ya ji sautin ya fi daidaita, nan wufan zai zauna.

Na ƙarshe shi ne ɗan makirfon da ke zuwa da amfilifaya. Kamfanonin amfilifaya Denon da Marantz suna amfani da tsarin awo na Audyssey, Yamaha kuma YPAO. A kafa shi a tsayin kunne, kowa ya yi shiru, kowace sifika ta yi ƙara ita kaɗai. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, wato santimita 34 a kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Na'urar ta auna nisan kowacce, ta ɗan jinkirta na kusa, don duka su iso kunne tare. Da aka gama aka kunna wani wuri a fim da ake ruwan sama, a tsakiyar zafin bazara, leburori suka daina aiki suka taru a bakin ƙofa suna kallon silin!

Abin ya ƙara girma a idona da na bi asalinsa. Wani injiniya ɗan Ingila, Alan Blumlein na kamfanin EMI, ya damu da yadda a silima ɗan wasa ke gefe ɗaya muryarsa na fitowa daga wani gefen. A 1931 ya yi rajistar dabarar sauti mai hagu da dama. A 1992 Dolby Digital ya shiga silima da fim ɗin Batman Returns, a 2012 Dolby Atmos ya zo da fim ɗin Brave, ya ƙara sautin sama. Buri ɗaya ake bi tun daga Blumlein: murya ta fito daga inda mai ita yake, kunne ya manta da na'ura. Sifikar cikin bango ta sa ido ma ya manta da ita.

Gaskiya ɗaya ce, abin yana da sharuɗɗa. In an dasa an dasa, ba a matsarwa gobe don an sauya wa kujeru wuri. Mai zaman haya sai da yardar mai gida. Falon da ke tayil ƙasa, gilashi gefe, zai yi amsa-kuwwa komai tsadar kaya, sai an taimaka da kafet da labule masu kauri. Amfilifaya kuma tana buƙatar sitabilaiza da wurin shan iska.

Amma kai da ke gini yanzu, ko a Kano kake ko a Zinder, kai nake yi wa wannan kira. Ba sai ka sayi sifika bana ba. Kafin birkila ya ɗauki cokalin filasta, ka zauna da mai wayarin, ku tsayar da inda talabijin zai kasance da inda iyali za su zauna, ya ƙara maka bututu bakwai, biyar a bango biyu a silin, ya zura igiyar jan waya a kowanne, ya toshe bakinsu. Ka ɗauki hoton bangon da wayarka kafin a rufe, don ka san inda kowanne ya bi. Kuɗin bututun roba bai taka kara ya karya ba, fasa bangon da aka gama wa fenti kuwa ciwon kai ne da asara. Hausawa sun riga sun yanke hukunci: tun ran gini, tun ran zane!