RULAR DA BA TA DA LAMBA

Masu iya magana sun ce araha ba ta ado, kuma ban taɓa jin wanda ya ƙaryata su ba. To amma fa akwai wani irin kaya wanda tsadarsa ko araharsa ba su ne abin dubawa ba, domin kuwa aikinsa guda ɗaya ne tak, ko dai yana yin sa, ko kuma ba shi da amfanin komai. Irin wannan kaya shi ne miƙaƙƙen ƙarfen nan da kafintoci da maƙera injuna ke ɗorawa a kan abu don su gane ko ya miƙe ko yana da doro. Ban ji wani tsayayyen suna da ake kiransa da shi a Hausa ba, wasu su ce rula, alhali kuwa ba rula ba ne, tunda mafi kyawunsa ko lamba ɗaya ba a zana masa ba. Ni dai ƙarfen gwaji nake ce masa, kuma haka zan kira shi a nan.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa malamin makaranta da wannan? Aikin katako da zanen fasaha nake koyarwa a sakandare. Ni ɗan tsarin 6-3-3-4 ne, wanda aka fara a 1982, lokacin da aka shigo da kayan koyon sana'a cikin manyan akwatuna aka rarraba wa makarantu, da yawansu kuma suka tsufa a ƙulle saboda babu wuta, babu mai koyarwa. Bayan an tashi makaranta nakan yi ɗan aikin hannu a gida, kuma a 'yan shekarun nan sha'awata ta karkata wajen gyara da ƙera kayan kiɗa masu tsirkiya. A nan ne buƙatar ƙarfen gwaji ta taso mini.

Mai ƙera garaya ko gurmi ko kukuma ba ya neman wannan ƙarfe, kuma ba don gazawa ba. Wuyan waɗannan kayan kiɗa sanda ce zalla, babu abin da aka kafa a kanta. Yatsan makaɗi da kunnensa su ne ke nemo sauti, in sandar ta ɗan karkace sai yatsa ya matsa gaba ko baya ya rama. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da tsirkiya ɗaya tilo a kan kuntigi ya zaga duniya. Jita kuwa halinta daban. An gicciya mata 'yan ƙarafa a wuya, gaɓa-gaɓa kamar karan rake, kuma kowace gaɓa da lissafinta. In tsawon tsirkiya milimita 650 ne, sai a raba shi da 17.817, a sami wajen milimita 36 da rabi, nan ne gaɓar farko. Abin da ya rage a sake raba shi haka, har a kai gaɓa ta 12 wadda ke faɗawa daidai tsakiya, a milimita 325. Wannan lissafi ɗan aji uku ma zai yi shi. Wahalar tana wajen tsayin gaɓoɓin: in ɗaya ta ɗara 'yan'uwanta da kaurin takardar littafi kawai, tsirkiya za ta riƙa gogar ta tana zuza kamar ƙudan zuma ya shiga kwalba. Ido ba ya ganin wannan bambanci, rular roba ta 'yan makaranta kuwa ita kanta ta fi jitar karkata.

Saboda haka da wani abokin aikina ya gaya mini cewa wani dattijo mai shagon kayan aiki a Kaduna zai rufe shago, yana karyar da abin da ya rage, ban tsaya wata-wata ba. A can ƙarshen kanta, bayan ƙwanƙwasai da zartuna, na tarar da su guda uku a naɗe cikin takarda mai maiƙo, kowanne tsawon milimita 600. Dattijon ya ce sun fi shekara goma a wurin, duk kafintan da ya ɗauka sai ya jujjuya ya ajiye, wai wa zai sayi rular da ba ta da lamba. Ya yanke mini kuɗin da bai kai sulusin abin da ake sayar da sabo ba. Duk da haka nan kuɗin ya kai abin da na ware don ɗinkin Sallar yara biyu, kuma kayan karyarwa in ka fita da shi ka fita ke nan, babu maidowa.

Ga inda matsalar take. Duk abin da mutum zai saya, yana da abin da zai gwada shi da shi: mudu ga hatsi, sikeli ga nama, tef ga yadi. To shi ƙarfen gwaji, wanda shi ne alƙalin sauran, da me za a gwada shi? Shekara goma a kanta ba wasa ba ce; wataƙila ya taɓa faɗuwa, wataƙila an ɗora masa nauyi. Hanya mafi sauƙi ita ce wadda nake koya wa ɗalibaina: a ɗora shi kan takarda a ja layi, sa'an nan a kifa shi ta ɗaya gefen layin, bakin nan dai da aka yi amfani da shi, a daidaita ƙarshen biyu a sake ja. In akwai lanƙwasa, layukan biyu za su buɗe a tsakiya, kuma buɗewar ninki biyu ce ta ainihin kuskuren. Sai dai bakin fensir ya yi kauri ga irin wannan aiki. Babban laifi kawai yake kamawa.

Abin da ya cece ni shi ne kasancewarsu uku. Wani injiniya Bature mai suna Joseph Whitworth, wanda aka haifa a Ingila a 1803, ya yi bayanin dabarar a wani taron masana kimiyya a birnin Gilasgo a 1840, ko da yake maƙera sun san wani abu game da ita tun kafin nan. Dabarar kuwa duk wadda ta taɓa niƙa a dutse za ta gane ta. Dutsen niƙa da ɗansa sun dace da juna sarai, amma babu wanda ya miƙe a cikinsu: uwar ta yi kwari, ɗan ya yi doro. Wato abu biyu na iya haɗa baki su ruɗe ka. Uku kuwa ba za su iya ba. In na farko mai doro ne, na biyu da na uku masu kwari, kowannensu zai dace da na farko, amma ranar da ka haɗa na biyu da na uku sai rami ya bayyana tsakaninsu. In duka ukun suka dace bibbiyu, ko ta yaya aka haɗa su, to babu makawa duk sun miƙe.

Na ce, "Baba, ka ba ni izini in fita da su bakin ƙofa."

Ya ce, "Malam, rana za ka auna?"

Na goge maiƙon, na riƙa haɗa bakinsu bibbiyu ina ɗaga su sama ina duban haske. Ido yana hango haske ta tsagar da ta fi gashi siranta nesa ba kusa ba. Biyu daga ciki suka manne ƙam, babu ko ɗigon haske. Na ukun kuwa, da kowanne na haɗa shi, sai wani siririn haske ya fito kusa da ƙarshe guda, kuma da na shafa wurin na ji ɗan tabon faɗuwa. Amma ko shi ya yi mini amfani, domin hasken da ya nuna da na farko, shi ya nuna da na biyu, a wuri ɗaya, gwargwado ɗaya. Da ɗayansu mai doro ne ɗayan mai kwari, da ba haka ba. Na ɗauki ɗaya daga cikin lafiyayyun, na kuma nuna wa dattijon mai tabon don kada ya sayar wa wani a matsayin lafiyayye. Ya ce zai ba mai gyaran gilashi ya riƙa yanka da shi.

A jikin wanda na saya an buga DIN 874/2. Wannan ƙa'idar Jamus ce, wadda ta kasa irin waɗannan ƙarafa daraja-daraja: 00, 0, 1 da 2. A tsawon milimita 600, mai daraja ta 2 bai kamata ya kauce fiye da milimita 0.023 ba, wato kamar sulusin kaurin gashin kai. Mai daraja ta 0 kuwa milimita 0.008. Nawa shi ne na ƙasa duka, kuma a ganina shi ya dace da mai aikin katako. Wanda ya sayi daraja ta 0 don maɗaci ko madobiya, ɓarnar kuɗi ya yi, ko da a karye ya same shi. Irin waɗannan ma'aunai a zafin digiri 20 ake tantance su, ɗakin aikina kuwa a watan Afrilu ya kusa ninka haka. Ga shi kuma katako yana numfashi: ya sha danshi da damina ya kumbura, ya bushe da hunturu ya tsuke, motsin da ya ninka 0.008 sau da yawa.

Da na isa gida uwargida ta warware takardar, ta duba gaba ta duba baya, ta ce, "Malam, kuɗin ɗinkin ne wannan? Ai ko lambar ma sun manta ba su sa ba." Ban ja maganar ba. Jita uku na mawaƙan wani coci suna jingine a ɗaki, an kawo gyara tun kafin azumi, kuma da kuɗin gyaransu aka yi ɗinkin, ko da yake tela sai daren Salla ya gama.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a aikin nan shi ne, wuyan jita ba a son ya miƙe sak. Tsirkiya in an kaɗa ta, a tsakiya ta fi yin lilo, don haka dole a bar mata ɗan kwari a wuyan, kamar rubu'in milimita, don ta sami wurin wasa. Tsirkiyoyin ƙarfe shida suna jan wuyan da nauyin da ya kai wajen kilo 70, shi ya sa ake binne sandar ƙarfe a cikinsa, wadda ake ɗaurewa ko a sassauta. Sai in kwantar da ƙarfen gwaji a kan gaɓoɓin, in ɗauko siraran ƙarafan nan da makanikai ke auna bakin fulogi da su, in zura a ƙarƙashinsa wajen gaɓa ta 7 ko ta 8. In mai 0.25 ya shiga da ɗan gogayya, shi ke nan. In ya shige sakaka, sai a ɗaure kaɗan, a bar katako ya kwana, gobe a sake aunawa. Ɗaya daga cikin jitocin nan uku ba wuyanta ne ya lalace ba, gaɓa ta 9 ce kawai ta ɗago daga mazauninta, ƙarfen ya hau kanta yana rawa kamar kujera mai gajeriyar ƙafa. Mai ita ya shekara biyu yana canza tsirkiya.

Ban kai shi makaranta ba, sai sau ɗaya a zango, ranar da nake koyar da gwajin layi biyu. A ranar nakan sa kowane ɗalibi ya kawo rularsa mu ɗora a kai mu duba haske, kuma a aji mai yara hamsin da wuya a sami biyar da suka tsira. Sauran kwanaki yana rataye a tsaye ta hudar da ke ƙarshensa, a shafe da man keken ɗinki, nesa da zarto da guduma. Da shigowar hunturu kuma masu jitocin nan sukan dawo da su, domin wuyan da na daidaita a watan Agusta ya riga ya motsa kafin Disamba.